Daga Gindin Dutse: Wai Me Ke Damun Uhud Ne?

Ku yi haƙuri da jina shiru kwana biyu, jarrabawa ce ta sha min kai, ina gamawa kuma sai hanya. Yanzu dai ga ni a Madina, na ci tuwon Umma, na sha shayi da na'ana irin namu, hankali ya dawo jiki.

Na so in yi muku bayanin tafiyar ne, amma wani abu ya faru daren da na sauka wanda ya hana ni sakat. Muna zaune a ɗakin Kawu bayan isha'i, ana ta hirar ƙwallo kamar kullum, wannan ya ce Hilal, wancan ya ce Ittihad. Sai na ce, "To ya labarin Uhud?" Ɗakin ya yi tsit. Can sai ƙanina, ɗan shekara sha huɗu, sanye da rigar Ittihad, ya ɗago kai daga waya ya ce, "Yaya, wai dama har yanzu suna nan?" Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma wallahi ta ciki na ciki.

Ga waɗanda ke karanta mu daga Landan ko Kumasi ko Khartum, bari in ɗan warware. Uhud ƙungiyar wasanni ce ta nan Madina, sunan dutsen nan da kowa ya sani ta ɗauka, shi ya sa magoya bayanta ke ce mata Al-Jabal. An kafa ta a 1936, tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin ƙasar nan, ta girmi Hilal da Nassr nesa ba kusa ba. A 2017 ta hau babban lig. A 2019 ta sauko. A 2025 ta sake gangarawa, daga Daraja ta Ɗaya zuwa Daraja ta Biyu, wato hawa na uku idan ka ƙirga daga sama. Garin da duk duniya ke sha'awar zuwa, mai mutum sama da miliyan, mai filin wasa na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke cin mutum wajen dubu 24, ga inda tsohuwar ƙungiyarsa ta tsinci kanta.

Tun ina aji ɗaya a jami'a nake kwana ɗaki ɗaya da wani Ba'amurke ɗan Ohayo, mai goyon bayan Cleveland Browns, ƙungiyar ƙwallon nan tasu ta Amurka da ake runguma a ruga da ita. Shi ya koya min wani abu da ban iya ba a da: yadda ake zama a yi wa ƙungiyar da ke shan kashi binciken asibiti. Duk ranar Litinin sai ya baje min takarda, ya ce matsalar nan ta mai jifa ce, wannan ta masu kare shi ce, wannan kuma ta ofis ce. Ya cancanci ya ƙware kuwa, don ƙungiyarsa ta ci wasa 1 cikin 16 a 2016, a 2017 kuma ko ɗaya ba ta ci ba. Tun da aka fara Super Bowl ba su taɓa leƙa shi ba. To yau aron hularsa zan yi, in duba namu majinyacin.

A fili abin da ido ke gani mai sauƙi ne. Ku tuna wasan Kofin Sarki na watan Satumba 2023, Uhud da Nassr. Ronaldo ma bai buga ba, an ba shi hutu. Mane ya fara ci da fenariti, Konrad Michalak ɗan Folan ya farke mana, aka tafi hutun rabin lokaci ɗaya da ɗaya. Ina ɗakin kwanan ɗalibai da rana tsaka ina tsalle ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka, alhali a Madina aka haife ni. Aka dawo, sai ruwan ƙwallaye. Aka tashi biyar da ɗaya. Na san Nassr ce, ba wanda ya ce mu doke su. Amma yadda aka rushe ɗin ne na gane, don na sha ganinsa a wasannin da ba Nassr a ciki: minti sittin na farko ana tsaye tsaf, da an zura mana ɗaya sai tazara ta buɗe tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya har mota ta wuce, kowa na ɗaga wa ɗan uwansa hannu. Ƙungiyar da 'yan wasanta suka daɗe tare, idan aka ci ta matsewa take yi. Wadda aka harhaɗa jiya kuwa watsewa take yi, don babu wanda ya san inda na kusa da shi zai tsaya idan abu ya ɓaci.

Kawu yana cewa laifin koci ne. A wurin Kawu kullum laifin koci ne, ko ruwa aka ɗauke a unguwa. To mu duba kakar 2018 zuwa 2019, wadda aka sauko a cikinta. An fara da Francisco Arce ɗan Faragwai, tsohon ɗan bayan da ya buga Kofin Duniya. Aka sallame shi, aka kawo Paulo Alves ɗan Fotugal. Shi ma bai yi nisa ba aka kawo Ammar Souayah ɗan Tunisiya. Koci uku, daga nahiya uku, a kaka ɗaya, aka kuma ƙare a ta 16 cikin 16. In da a ce koci ne ciwon, ai ko bisa kuskure ɗaya daga cikinsu zai dace. Kowanne yana zuwa da tsarinsa, da 'yan wasan da yake so a sayo masa a watan Janairu, kafin ya gama haddace sunayen yaran an miƙa masa tikitin komawa gida, a bar ƙungiya da sauran kuɗin kwantiraginsa a wuya.

Kuma gargaɗi ya zo tun kafin nan. A kakar da ta gabace ta, ta 2017 zuwa 2018, Uhud ce ta ƙarshe cikin 14. Abin da ya cece ta shi ne an faɗaɗa lig ɗin zuwa ƙungiya 16, aka ba ta damar wasan raba gardama da Al-Ta'i, ta tsallake. Ina ɗan sakandare lokacin, mun yi ta murna a titi kamar an ci kofi. Yanzu da na waiwaya, wannan tsallakewar ita ta rufe mana ido. Wanda ya faɗa rijiya aka jawo shi da igiya, kamata ya yi ya tsaya ya duba me ya kai shi baki. Mu kuwa sai muka kakkaɓe riga muka koma ta hanyar da muka biyo.

Sai maganar sayen suna. A 2023, tana Daraja ta Ɗaya, Uhud ta ɗauko Ryad Boudebouz, ɗan Aljeriya da ya yi tashe a Faransa, ta ɗauko Michalak daga Turkiyya. Ba na raina su, Boudebouz yana da ƙafar hagu da za ka biya kuɗi ka kalla. Amma me aka samu? Ba a hau ba. Bayan shekara ɗaya Boudebouz ya koma Aljeriya, Michalak aka ba da shi aro ga Zamalek ta Masar, daga nan labarin da ke fitowa daga ƙungiyar ya koma na bashi da ƙarancin kuɗi, har aka kai ga faɗuwar 2025. Da na ba abokin ɗakina wannan labarin sai ya riƙe ciki yana dariya, ya ce ai su ne malaman wannan karatu. A 2022 Browns ta ba mai jifa Deshaun Watson kwantiragin dala miliyan 230, duka tabbatattu ko ya buga ko bai buga ba, ta kuma sadaukar da zaɓinta na zagayen farko har na shekara uku don ta same shi. A 2024 suka ci wasa 3, aka doke su 14.

Sai dai a nan kamannin ya ƙare, kuma nan ne na fi so ku tsaya ku saurara. A ƙwallon Amurka ba a faɗuwa. Ƙungiya 32 ne, ko wasa ɗaya ba ka ci ba kana nan daram baɗi. Kuɗin talabijin raba daidai ake yi. Akwai iyakar abin da kowa zai kashe a albashi. Wanda ya zo na ƙarshe ma shi ake ba zaɓin farko cikin yaran da suka fito daga jami'o'i, shi ya sa Browns ta ɗauki Myles Garrett a 2017 da Baker Mayfield a 2018. Wato a can sakacinka ma lada ake ba ka a kansa. A nan kuwa, da ka sauka hawa ɗaya kuɗin shiga ya ragu, masu talla su janye, ɗan wasan kirki ya nemi hanya, amma bashin da ka ci kana sama ya biyo ka ƙasa da cikakken nauyinsa. Cacar da attajirin Ohayo zai yi ya kwana lafiya, idan Uhud ta yi irinta shekara biyar ba ta farfaɗo ba.

Ƙasar ma ta canza a ƙarƙashin ƙafafunmu. A watan Yuni 2023 asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya karɓi kashi 75 cikin 100 na Hilal da Nassr da Ittihad da Ahli. Aramco ta ɗauki Ƙadisiyya. Neom ta samu tata. Hukumar da ke kula da Al-Ula ta ɗauki ƙungiyar Al-Ula. Ku lura da wannan ta ƙarshen, don Al-Ula a cikin lardinmu na Madina take, tafiyar kilomita ɗari uku da wani abu. A shekarar da Uhud ta gangara Daraja ta Biyu, a shekarar Al-Ula ta hau Daraja ta Ɗaya. A kan matakala suka yi kiciɓis, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. A watan Yuli 2025 kuma aka sanar da sayar da ƙungiyoyi uku ga 'yan kasuwa: Zulfi, da Khulud wadda wani kamfanin Amurka na Ben Harburg ya saya, da maƙwabciyarmu kuma abokiyar hamayyarmu Ansar. Ban ji daɗin rubuta wannan layin ba, Allah ya sani.

To idan ba ka da rijiyar mai a bayan gida, me kake da shi? Nan ne bakin cikina yake, don amsar tana yawo ba takalmi a Sih da Ƙurban da Awali da Harra.

Ku tambayi iyayenku wane ne Hamza Idris Fallata. Ɗan Madina ne, kuma yana ɗan wasan Uhud ya je Kofin Duniya na 1994 a Amurka, shekarar da Saudiyya ta kai zagaye na biyu. A wannan gasar ma har Kamaru ta zo da ɗan wasan Uhud, Thomas Libiih. Daga baya Hamza ya koma Ittihad, ya zura ƙwallo 33 a kakar 1999 zuwa 2000, tarihin da ya tsaya kusan shekara ashirin. Wanda ya karya shi Hamdallah ne na Nassr, da 34, tare da Ahmed Musa namu a gefensa, kuma a kakar da Uhud ta faɗo. Kai, wani abin sai ka ce da gangan. Ga Rida Tukar Fallata, wanda duk Bahaushen da ya ji sunan zai ce ai Tukur ne, shi ma daga Uhud ya tashi, ya je Shabab, ya je Ittihad, ya je Kofin Duniya a 2002 da 2006. A ɓangaren Ansar ga Malik Mu'az Hausawi, wanda ya zura wa Japan biyu a wasan kusa da ƙarshe na Kofin Asiya a 2007. Fallata, Hausawi, Barnawi: ku karanta bayan rigunan ƙungiyar ƙasar nan na shekara talatin, za ku ga jikokin mutanen da suka taho aikin hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru a hanya.

Ban ce laifi ne a sayar da ɗan wasa ga Ittihad ba. Ƙaramar ƙungiya ko a Turai da haka take rayuwa: ta rena, ta sayar, ta sake renon wani da kuɗin. Abin da nake tambaya shi ne ina na bayansu? Unguwannin ba su daina haihuwa ba. Ku je gasar hara da azumi, bayan tarawihi, filin ƙasa da fitila biyu da raga ta bututun ruwa, ku ga abin da yara ke yi da ƙwallo. A ganina ƙungiyar da ke da irin wannan gona a ƙofar gida, amma idonta na kan ɗan shekara talatin da wani abu daga Faransa, ta san ciwonta, maganin ne ba ta son sha don ba ya aiki a kaka ɗaya. Shugaban da zai shuka yaro ɗan sha biyu ya san ba shi zai girbe ba.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, mu da aka haifa a nan amma iƙama muke riƙe da ita. Shekara da shekaru yaron da ba shi da takardar ɗan ƙasa ba shi da hanyar shiga ƙungiya, komai iyawarsa. A 2017 aka buɗe ƙofa ga waɗanda ake kira mawalid, wato haifaffun ƙasar, har irin su Haruna Kamara, haifaffen Jidda ɗan asalin Gini, ya kai ga saka rigar ƙasa. An gode. Amma gurbin da ake ba kowace ƙungiya kaɗan ne, kuma kafin yaro ya kai inda za a gan shi akwai ƙananan ƙofofi da yawa. Ina da aboki, tare muka taso a layi ɗaya, ban taɓa ganin mai karɓar ƙwallo da ƙirji kamarsa ba. Muna sha biyar na raka shi gwaji wani wuri da ba zan faɗi suna ba. Ya yanka kowa a filin. Da aka gama mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Masha Allah ya walad, kawo takardunka." Da ya ga launin katin sai muryarsa ta sauya, ya ce za a kira shi. Yau shekara bakwai ke nan. Yana tuƙa motar kai saƙo, gwiwa ɗaya ta riga ta tafi a filin hara. Ƙungiyar da ba ta da kuɗi, wadda ya kamata ta fi kowa wayon neman irin waɗannan yaran tun suna ƙanana ta cike guraben da doka ta ba ta da mafi kyawunsu, ita ce ya kamata ta fara ƙwanƙwasa ƙofar gidansu.

Kada wani ya ce min Madina ce ba garin wasa ba, wai mu sai dabino da ziyara. A ƙwallon kwando babu ƙungiyar da ta kai Uhud yawan kofin lig a ƙasar nan, Ansar ma ba baya ba. Suna ɗaya, gari ɗaya, unguwanni ɗaya. Bambancin da nake gani shi ne a kwando an daɗe ana gado: tsohon ɗan wasa ya zama koci, ya ɗauko yaron maƙwabta, yaron ya girma ya san abin da rigar ke nufi. A ƙwallon ƙafa kuwa duk bazara sabon zubi.

Yanzu bari in taɓa mu, don na san wasu sun fara gyaɗa kai suna jin daɗi an zagi ofis. Yaushe rabonka da filin Yarima Muhammad? Ni kaina da nake wannan surutu, in na ƙirga zuwana bai wuce a ƙirga da yatsun hannu biyu ba, rabi kuma don babbar ƙungiya ta zo ne, na je kallon baƙi. Tun da jirgin ƙasa na Haramain ya fara aiki a 2018, Jidda ta zama tafiyar wajen awa biyu, samarinmu sun gwammace su je can su kalli Ittihad su dawo. Mutanen Cleveland fa, da ƙungiyarsu ta kammala kaka ba nasara ko ɗaya, fitowa suka yi cikin sanyin Janairu 2018 suka yi jerin gwano suna zagaya filin wasan, rabi zolaya rabi fushi. Na tambayi mutumina me ya sa ba zai koma wata ƙungiyar ba ya huta. Ya dube ni kamar na ce ya canza uwa. An taɓa ɗauke musu ƙungiyar ɗungurungum aka kai Baltimore bayan kakar 1995, sai 1999 suka samu wata, don haka sun san yadda gari yake idan babu.

Ko a gida Najeriya, Kano Pillars da ta ci lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 ta faɗi a 2022. Ɗan kawuna na Fagge ya ce min ko a ƙaramin rukunin mutane ba su daina bin ta ba, shekara ɗaya ta yi ta dawo. Mu kuwa namu salon daban ne. A Kano a ce mana 'yan Madina, a Madina a ce mana Takari, sai muka saba da riƙe komai da yatsa biyu, har ƙungiyar garin da aka yanke mana cibiya. Na fahimci dalilin, ni ma ina jin sa. Amma ɗan kasuwar da zai sa kuɗinsa a ƙungiya kujeru yake fara ƙirgawa, kuma namu a bushe suke.

Jiya na koma wurin Kawu da duk wannan bayani, har da 'yar takardata irin ta abokin ɗakina. Ya saurare ni tsaf yana juya shayi. Da na gama ya ce, "To Malam Bature, an ji. Amma dai kocin ma ba shi da kirki." Na ce, "Kawu wane daga ciki?" Ya ce, "Duka."

Hutuna zai ƙare kafin a fara kaka, don haka ba zan samu wasa ko ɗaya ba. Na kira ƙanina na ba shi riyal hamsin, na ce wasan farko da Uhud za ta yi a gida ya je, ya ja abokansa biyu, ya turo min hoto daga cikin fili, kuma kada ya kuskura ya saka min rigar Ittihad. Ya karɓa ya jujjuya kuɗin, ya ce, "Yaya, wannan na shiga ne kawai, ko har da na tsire?"